Kwamitocin Lafiya da Walwalar Jama'a a Ingila

Kwamitin lafiya da walwalar jama'a zaure ne da doka ta kafa a Ingila, inda ƙaramar hukuma da hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, ke zama tare su tantance abin da ya fi damun lafiyar mazauna yanki, sannan su amince da wanda za a fara sa wa hannu. Dokar lafiya da kula da jama'a ta 2012 ce ta samar da waɗannan kwamitoci, suka kuma fara aiki a watan Afrilun 2013, lokacin da aka mayar wa ƙananan hukumomi aikin kiwon lafiyar al'umma da ya bar hannunsu tun 1974.

Dalilin haɗa su shi ne, asibiti yana magance ciwo, amma yawancin abin da ke haifar da shi yana wajen asibiti: gidaje masu danshi, rashin aiki, gurɓatacciyar iska da kaɗaicin tsofaffi, waɗanda ƙaramar hukuma ta fi kusa da su. Rahoton da masanin lafiyar al'umma Michael Marmot ya jagoranta a 2010 ya ƙarfafa wannan fahimta, domin ya nuna cewa tsawon rai na raguwa gwargwadon talaucin unguwa.

Doka ta fayyace waɗanda dole su zauna a kwamitin: aƙalla kansila ɗaya, daraktan kiwon lafiyar al'umma, daraktocin kula da manya da na yara, wakilin Healthwatch mai magana da yawun marasa lafiya, da wakilin NHS. Daga Yulin 2022 wakilin na NHS yana fitowa ne daga sababbin hukumomin haɗakar kulawa guda 42 da aka kafa a lokacin.

Aikin yana farawa da binciken haɗin gwiwa kan bukatun yanki, wanda wata doka ta 2007 ta riga ta wajabta. Ana tara alƙaluman haihuwa da mutuwa, yawan masu shan taba, ƙibar yara da kwanciya a asibiti, a rarraba su unguwa-unguwa, a kuma ji ta bakin mazauna. Rarrabawar nan tana da muhimmanci, domin matsakaicin adadi na gari guda yakan ɓoye unguwar da ta fi kowa wahala. Daga binciken ake fitar da tsarin haɗin gwiwa na wasu shekaru, kuma a nan ne ake yin muhawara ta gaske, tunda bukatu sun fi kuɗi yawa. Tsarin da ya lissafa komai a matsayin abin gaggawa ba ya shiryar da kowa.

Raunin kwamitin yana ga iko. Bai riƙe baitulmalin NHS ba, kuma abin da doka ta ce kawai shi ne masu kashe kuɗi su yi la'akari da tsarinsa, ba lallai su bi shi sau da ƙafa ba. Yana dai amincewa da shirin asusun haɗaka na inganta kulawa, da NHS da ƙaramar hukuma ke zuba wa kuɗi tare, wanda ya fara aiki a 2015, yana kuma tantance bukatar shagunan magani duk bayan shekara 3. Wales da Scotland suna da nasu dokokin na daban, na 2015 da na 2014.