Waiwaye: Daga gigin tsufa zuwa hawan jini

A Bauchi, idan dattijo ya fara maimaita raka'a, ko ya dawo daga masallaci ya wuce ƙofar gidansa, sai a ce gigin tsufa ne, a bar zancen. Likitoci sun sami muhimmiyar shaida cewa irin wannan ruɗewa cuta ce a 1906, lokacin da Alois Alzheimer na Jamus ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu cikin irin wannan ruɗewa, ya tarar da wani daskararren abu tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar, da zaruruwa a cukurkuɗe a cikinsu.

A 1992 Nijeriya ta shigo fagen da ƙarfi. Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan da Hugh Hendrie na Amurka suka kwatanta 'yan shekara 65 zuwa sama a unguwar Idikan ta Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis na Amurka. Cikas na farko awon ne kansa. Gwajin Turawa yana sa mutum ya rubuta jimla, ya kwafi zane, ya riƙa debe bakwai-bakwai daga ɗari. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba faɗuwa za ta yi, ko da tana lissafin adashen unguwa guda da ka. Sai suka shirya gwajin da bai dogara da boko ba, aka kuma haɗa da tambayar wanda ke zaune da tsohon. Sakamakon 1995: masu gigin tsufa kashi 2.29 cikin ɗari a Ibadan, 8.24 a Indiyanafolis. Tushe kusan ɗaya, rata kuwa babba. Hankali ya koma kan jijiyoyin jini, domin hawan jini da ciwon suga da kitsen jini sun fi yawa a Amurka. (Wasu sun ce mutuwa da wuri ma tana rage adadin namu, maganar da ƙamshin gaskiya.)

Wani bincike na 2018 mai suna SIREN kan shanyewar ɓarin jiki ya ƙara fito da wannan. Majinyata 2,118 daga Nijeriya da Gana, har da asibitocin Kano da Zariya, an ɗora wa hawan jini alhakin kusan kashi 90 cikin ɗari. Kusan ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce, ba toshewa ba. Nan ake yin kuskure. A ido iri ɗaya suke: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Hoton ƙwaƙwalwa na CT ne ke raba su, kuma asfirin da ke taimakon mai toshewa yana ƙara wa mai fashewa zubar jini. Allurar narkar da gudan jini kuwa cikin awa huɗu da rabi daga fara ciwon ake yin ta. Majinyacin da aka taso da shi daga Ningi zuwa asibitin koyarwa na Bauchi bayan kwana biyu ana shafe-shafe, ana ɗura masa kunu alhali maƙogwaro bai haɗiya, sau da yawa da ciwon huhu yake isowa, saboda kunun can ya zarce.

Alƙaluman gigin tsufan nan na Nijeriya daga ƙasar Yarbawa suke. Mai bincike a Katagum ko Dass sai ya sake saita tambayoyinsa: Baba zai ce ana cikin watan Azumin Tsofaffi, ba Janairu ba, kuma amsarsa daidai ce. Awon hawan jini kuwa bai bukatar fassara. Idan ya kai 140 bisa 90 a ranaku biyu daban, a ga likita, kuma ba a ajiye maganin don kai ya daina ciwo.