Waiwaye: Daga wasiƙar 419 zuwa takardar kama aiki ta bogi

A watan jiya ɗan yayata ya same ni a gida, nan Garwa, bayan sallar isha'i. Shekara biyu ke nan da ya gama digiri a Ngaundere, yana ta yawon ajiye takardu. Ya miƙo min waya ya ce, "Kawu, duba min wannan." Wata mata ce a ɗaya daga cikin shafukan da ma'aikata da masu neman aiki ke haɗuwa, hotonta tsaf, ta ce ita ke ɗaukar ma'aikata wa wata ƙungiyar agaji a Marwa. Ta karɓi takardunsa, ta yi masa tambayoyi, bayan kwana uku aka turo masa takardar kama aiki har da tambari. Saura kuɗin dosiye da na gwajin likita, sefa dubu 35, a tura ta waya. Ya tura, lambar ta daina shiga.

Na tambaye shi abin da ya sa ya yarda da ita. Ya ce, "Kawu, ai na ga kai ma kana cikin abokanta."

Gaskiya ya faɗa. Ta taɓa neman abota da ni, na amsa ba tare da na san ta ba. Tun daren nake bin sawun wannan al'amari, kuma sawun yana da tsawo.

Sunan 419 ya samo asali ne daga sashe na 419 na kundin hukunta laifuka na Najeriya, wanda ya yi magana kan karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara. A shekarun 1980 wasiƙa ce ake jefawa a gidan waya: ga wasu miliyoyin daloli sun maƙale, ka ba da kuɗin fito da su, a raba da kai. Daga wasiƙa aka koma fakis, daga fakis aka koma imel. Kamaru ma ta haifi nata, waɗanda ake kira feymen, masu cewa suna ninka kuɗi. Sun yi tashe ne daidai lokacin da aka zaftare albashin ma'aikata a 1993, aka kuma karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Mafi shahararsu, Donatien Koagne, a kurkukun Yaman ya ƙare. Wannan tsohuwar damfara da kwaɗayi take kama mutum, shi ya sa mu nan arewa muke jin labarinta muna cewa banza ce ta kori wofi. Wadda ta same mu yanzu dabam ce, don wanda take kamawa yaro ne mai neman halalinsa.

An buɗe LinkedIn, ɗaya daga cikin irin waɗannan shafuka da ma'aikata da masu neman aiki ke haɗuwa, a Amurka a watan Mayun 2003. Microsoft ya saye shi a 2016 kan dala biliyan 26.2, kuma a 2023 masu rajista sun haura biliyan 1. Yadda aka gina shi tun farko, mutum shi ke rubuta wa kansa inda ya yi karatu da inda yake aiki. A ƙarshen 2009 wani masanin tsaron kwamfuta, Thomas Ryan, ya ƙirƙiri wata budurwa mai suna Robin Sage, ya ce ƙwararriya ce a harkar tsaro. Cikin wata guda mutum kusan 300 suka ƙulla abota da ita, har da sojoji da jami'an leƙen asiri, wasu kamfanoni ma suka yi mata tayin aiki, alhali babu ita a duniya.

Abin da ya yi don gwaji, wasu suka mayar sana'a. A Disambar 2017 hukumar leƙen asirin cikin gida ta Jamus ta ce jami'an Sin sun tuntuɓi Jamusawa sama da 10,000 da shafukan bogi. Kevin Mallory, tsohon jami'in CIA da aka fara lallaɓa ta LinkedIn, ya sha ɗaurin shekara 20 a 2019. Sannan hoto ma ya daina zama shaida: a 2022 masu bincike a Jami'ar Stanford suka gano shafuka fiye da 1,000 masu ɗauke da fuskokin da kwamfuta ta zana, fuskokin da ba uwar da ta haife su. A shekarar ce kuma aka sace sama da dala miliyan 600 na kuɗin kirifto daga wasan Axie Infinity. Amurka ta ɗora laifin kan masu kutse na Koriya ta Arewa, rahotanni kuma suka ce ƙofar da aka bi ita ce tayin aiki na ƙarya da aka yi wa wani injiniyan kamfanin.

Yaya wannan guguwa ta iso Garwa da Marwa da Njamena? A ganina abubuwa uku ne suka haɗu. Makarantu sun yi ta yaye ɗalibai, musamman bayan buɗe Jami'ar Marwa a 2008, gurbin aikin gwamnati kuwa bai ƙaru daidai da su ba. Sai rikicin Boko Haram ya jawo ƙungiyoyin agaji: an buɗe sansanin Minawao kusa da Mokolo a 2013, ofisoshi suka cika Marwa da Kuseri da Baga Sola, daga Afrilun 2023 kuma yaƙin Sudan ya kai su Adre a gabashin Chadi. Aikinsu ya zama burin kowane mai digiri, kuma a intanet ake tallarsa. Na ukun shi ne tura kuɗi ta waya, wanda ya sauƙaƙa mana rayuwa ƙwarai, ya kuma sauƙaƙa wa ɓarawo karɓa ba tare da an ga idonsa ba.

Akwai wani abu namu na gida da ɗan damfara ya karanta da kyau. Duk wanda ya taɓa shiga jarrabawar konkur, wato ta neman gurbin aikin gwamnati ko makaranta, ya san sai an sayi tambur, an biya kuɗin rajista, an kawo takardar likita da ta shaidar rashin laifi. Mun saba da cewa neman aiki yana cin kuɗi. Don haka idan aka ce wa yaro ya turo kuɗin dosiye, kunnensa ba ya jin baƙon abu. Alhali Majalisar Ɗinkin Duniya tana rubutawa a tallace-tallacen ayyukanta cewa ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar ma'aikaci. Wanda aka ci wa dubu 35 ma da sauƙi. A 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya ce aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kimanin 100,000 a Kambodiya na tsare a gidajen da ake tilasta musu damfarar wasu, yawancinsu tayin aiki ne ya kai su, kuma akwai 'yan Afirka a ciki.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne batun lamuni. Kakanninmu da suka yi fataucin goro da shanu har suka kafa unguwannin Hausawa a Garwa da Ngaundere da Yawunde, ba su yi ciniki da baƙo haka kawai ba. Baƙo yana sauka wurin fatoma, fatoma ya san daga inda ya fito, ya haɗa shi da mai saye, idan bashi ya shiga shi ne a tsakiya. Idan aka ce wane ya san shi, magana ce mai nauyi, don wanen zai amsa tambaya ranar da abu ya lalace. Shafukan nan sun ari siffar wannan tsari: suna nuna maka cewa kai da mutumin nan kuna da abokai goma sha biyu. Sai dai a cikin goma sha biyun babu wanda ya taɓa ganinsa. Ɗan damfara ya san haka, shi ya sa yake fara tara malaman jami'a da manyan ma'aikata da dattawan gari kafin ya je wa yaro. Mu kuma muna amsawa don kara, ko don ganin yawan abokai mutunci ne.

Dokoki dai akwai su. Kamaru ta yi dokar laifukan intanet ranar 21 ga Disambar 2010, hukumar ANTIC ke sa ido. Chadi ta yi tata a 2015, ta kafa hukumar tsaron intanet mai suna ANSICE. Amma layin wayar da aka karɓi kuɗi da shi sau da yawa da katin shaidar wani aka yi masa rajista, kuma kunya na hana mutane da dama kai ƙara. LinkedIn kuwa sai a Oktoban 2022 ya fara nuna lokacin da aka buɗe kowane shafi, a 2023 ya kawo tantance mutum da katin shaida ko imel na wurin aiki, kuma ba dole ba ne.

Washegari na zauna na bi jerin abokaina ɗaya bayan ɗaya, na cire duk wanda ba zan iya faɗin inda na san shi ba. Sun fi rabi. Ɗan yayata ya kai ƙara ofishin 'yan sanda, aka rubuta, aka ce ya jira kira. Kuɗin na adashin mahaifiyarsa ne, yanzu yana tsaron shagon wani ɗan'uwanmu a babbar kasuwa yana biyanta kaɗan-kaɗan.