Harsuna biyu ba sa rikita yaro

An daɗe ana cewa idan uwa tana yi wa yaro Fillanci, uba kuma Hausa, yaron zai rikice, bakinsa ya yi nauyi. Tsoron haka ya sa wasu gidaje suke ajiye harshen kakanni, abin da ke damuna ƙwarai.

Binciken masana bai nuna haka ba. Jariri ɗan kwanaki kaɗan yana iya bambance harsunan da amonsu ya sha bamban. Mai jin harsuna biyu yakan furta kalmar farko wajen wata 12, ya fara haɗa kalmomi biyu wajen shekara 2, kamar sauran yara. Idan ya ce "ba ni kosam" (kosam shi ne nono da Fillanci), ba ruɗewa ya yi ba. Kalmar da ta riga zuwa bakinsa ya ɗauko, kuma manya ma haka suke gaurayawa.

Ku gwada a gida: ku rubuta kalmomin da yake faɗa cikin mako guda, ku ƙirga na harsunan biyu a haɗe. Ƙirga na harshe ɗaya kawai ke sa a ga kamar yana baya. Idan ya kai wata 18 bai furta kalma ba, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, a kai shi asibiti a duba jinsa, kaka kuwa ta ci gaba da yi masa hira da harshenta.

Don Allah a tura wa sauran iyaye wannan bayani.