Shiga Ma'ajiyar Fayil ta Nesa daga Kwamfutar Tebur

Shiga ma'ajiyar fayil ta nesa tsari ne da ke bai wa kwamfutar tebur damar buɗewa da gyarawa da adana fayilolin da ke ajiye a cikin wata na'ura dabam, wadda ake kira sabar, ta kan hanyar sadarwa. Sabar na iya kasancewa a ɗakin da ke kusa, ko a wata ƙasa. Bambancinsa da sauke fayil daga intanet shi ne, mai aiki ba ya kwaso kwafi ya ajiye a wurinsa. Ana ɗaura jakar nesa ne a kan kwamfutarsa, ta bayyana tamkar wani sashe na faifanta, har manhajojin da ke aiki da ita ba su san cewa ba a gida take ba.

Ƙa'idojin sadarwa biyu ne suka mamaye wannan fage. Ta farko ita ce SMB, wadda Barry Feigenbaum ya ƙirƙira a kamfanin IBM a shekarar 1983, daga baya Microsoft ya mayar da ita ginshiƙin raba fayiloli a Windows. Siga ta biyu ta zo tare da Windows Vista a 2006, inda aka rage umarninta daga fiye da 100 zuwa 19, sannan siga ta uku ta fito a 2012 da ikon rufe bayanai ta yadda mai leƙe a hanya ba zai iya karanta su ba. Manhajar Samba, wadda Andrew Tridgell ya fitar a Ostiraliya a 1992, ita ta ba kwamfutocin Unix da Linux damar magana da wannan harshe. Ƙa'ida ta biyu kuwa ita ce NFS, wadda kamfanin Sun Microsystems ya samar a 1984, kuma ta fi karɓuwa a jami'o'i da cibiyoyin bincike. Sigarta ta uku ta fito a 1995, ta huɗu a 2000. Akwai kuma WebDAV da SSHFS ga masu shiga ta intanet.

A aikace, mai Windows yakan rubuta adireshi irin \\sabar\jaka, ya shigar da suna da kalmar sirri, sannan ya ba jakar harafi, sau da yawa Z, sai ta zauna kusa da faifan C. Mai Mac yana danna Command da K a cikin Finder, wato manhajar duba fayiloli ta Mac, ya rubuta adireshin da ya fara da smb://. A Linux ana amfani da umarnin mount, ko a ƙara layi ɗaya a fayil ɗin /etc/fstab domin jakar ta riƙa ɗauruwa duk lokacin da aka kunna na'ura.

Matsalolin tsarin kusan duka sun samo asali ne daga wannan kamanni da faifan gida. Buɗe jaka guda na iya jawo tambaya da amsa masu yawa tsakanin kwamfuta da sabar, kuma kowacce sai ta je ta dawo. A cikin ofis ba a jin wannan, amma idan akwai nisa, jaka mai ƙananan fayiloli da yawa takan yi nawa ko da layin yana da faɗi, domin jinkirin zuwa da dawowa ne ke cin lokaci, ba nauyin kayan ba. Idan kuma sabar ta mutu, kwamfutar da aka ɗaura wa NFS ta hanyar da aka saba takan yi ta jira ba ta fasawa, manhaja ta sandare har sai sabar ta farfaɗo. Da gangan aka tsara hakan, domin an ga gara jira da a rubuta rabin fayil a bar shi a lalace.

Batun izini ma yana da nasa sarƙaƙiya. NFS ta gargajiya ba ta duba suna, lambar da kowace kwamfuta ke ba mai amfani da ita take dubawa, saboda haka mutum biyu masu lamba 1000 a kwamfutoci dabam-dabam mutum ɗaya ne a wurin sabar. Wannan ya sa manyan cibiyoyi ke haɗa ta da tsarin tantancewa na Kerberos.

Ta fuskar tsaro, SMB tana amfani da ƙofa mai lamba 445, NFS kuma 2049 (ƙofa a nan ita ce mashigar da saƙonni ke bi su isa ga manhaja a cikin na'ura), kuma masana ba su yarda a bar su a buɗe ga intanet ba. A watan Mayun 2017, muguwar manhajar WannaCry ta bi ta wata ɓaraka da ke cikin sigar SMB ta farko ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin gwamnati a Birtaniya, alhali Microsoft ya riga ya fitar da gyaran tun watan Maris. Bayan haka kamfanin ya daina sanya wannan tsohuwar siga kai tsaye a sababbin Windows, kuma ma'aikacin da ke son shiga jakar ofis daga gida yakan fara haɗawa ta VPN, wato rufaffiyar hanyar da ke sada shi da hanyar sadarwar ofis ta kan intanet, kafin ya ɗaura ta.