Ruwan Sama, Ruwan Rijiya da Shara: Rabon Aiki Tsakanin Hukumomin Birnin Kano

Kula da ruwan sama, kare ruwan ƙarƙashin ƙasa da kwashe shara ayyuka uku ne da kowanne yake da ofishinsa, da ma'aikatansa, da kasafin kuɗinsa a birnin Kano. Sai dai ruwa bai san wannan rabo ba. Ledar da aka jefa a kwata ita ke toshe kwalbati. Ruwan da ya rasa hanya sai ya kwanta a unguwa ya cika masai, abin da ke cikin masai kuma ya tsiyaya zuwa rijiyar da ake sha. Saboda haka ingancin aikin kowace hukuma ya rataya ne a kan abin da 'yar'uwarta ta yi ko ta bari, kuma yawancin matsalolin muhallin birnin a kan iyakar da ke tsakanin ofis da ofis ake samun su.

Yanayin ƙasa da ruwa

Damina a Kano gajera ce, daga wajen watan Mayu ko Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan ya fi ƙarfi a watan Agusta. Abin da ake samu a shekara yakan kai milimita 800 zuwa 1,000, amma yawancinsa yana sauka ne kamar da bakin ƙwarya cikin 'yan sa'o'i. Ruwan arewacin birni yana bin rafin Jakara, wanda ya ratsa cikin gari ta kusa da Kasuwar Kurmi, ya karɓi rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, ya ƙare a madatsar Wasai ta wajen Minjibir. Na kudanci kuma yana gangarawa kogin Challawa da kogin Kano, inda matatun ruwan famfo suke ɗiba.

A ƙarƙashin birnin akwai tsohon dutse mai tauri. Ruwan ƙasa yana taruwa ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke cikinsa. Wannan ya sa rijiyoyin gida ba su da zurfi sosai, kuma duk abin da aka zubar a doron ƙasa ba ya daɗewa kafin ya isa gare su, musamman a tsakiyar damina lokacin da ruwan ƙasa ya taso.

Wa ke da alhakin me

Kano ba ta da majalisar birni guda ɗaya. Ƙwaryar birnin ta rabu tsakanin ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, waɗanda ƙidayar 2006 ta nuna suna da mutum kusan miliyan 2.8. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina magudanan ruwa da gyara su, da kwashe shara, da kula da bahaya da banɗakunan jama'a. A aikace kuwa, gwamnatin jiha ce ta karɓi mafi yawan wannan nauyi a cikin birni ta hannun hukumominta.

Hukumar kwashe shara da tsaftar muhalli, REMASAB, wadda aka kafa a 2003, ita ke ɗebe shara daga jujin unguwa zuwa manyan wuraren zubarwa. Ma'aikatar muhalli ce uwar gijiyarta, kuma ita ke jagorantar yashe manyan magudanai da yaƙi da zaizayar ƙasa. Hukumar tsara birane, KNUPDA, wadda a da ake kira KASEPPA, ita ke ba da izinin gini, yayin da rabon filaye yake hannun gwamna bisa dokar amfani da ƙasa ta 1978. Lambatun da ke gefen titi na ma'aikatar ayyuka ne da hukumar gyaran tituna, KARMA, in kuwa titin na tarayya ne sai a koma Abuja. Hukumar ruwan sha ta jiha ke tafiyar da matatun Challawa da Tamburawa da Watari. Manyan madatsun da ke ciyar da kogunan, wato Tiga da aka gama a 1974 da Challawa Gorge da aka gama a 1992, suna ƙarƙashin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya. Gurɓataccen ruwan masana'antu kuma hukumar kare ƙa'idojin muhalli ta tarayya, NESREA, da aka kafa a 2007, tana da ta cewa a kai tare da ma'aikatar muhalli ta jiha.

Idan aka bi kwata guda daga ƙofar gida zuwa Jakara, za a tarar ta ratsa hurumin hukumomi huɗu ko biyar kafin ta isa.

Inda ake haɗa hannu

Haɗin kan da aka fi gani shi ne na gabanin damina. Hukumar nazarin yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen yanayi a farkon shekara, hukumar sa ido kan ruwan koguna ta ƙasa, NIHSA, kuma ta fitar da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya. Daga nan ma'aikatar muhalli da REMASAB da hukumar agajin gaggawa ta jiha sukan tsara yashe magudanai, ana kuma raba wa ƙungiyoyin aikin gayya shebur da baro da manjagara. Waɗannan ƙungiyoyi, tare da masu unguwanni da dagatai, su ne ke shiga lungunan da babbar mota ba ta iya shiga.

A nan ma ake ganin yadda ƙaramin giɓi ke ɓata babban aiki. Matasa su wuni a cikin kwata suna fito da baƙin taɓo mai haɗe da ledar fiya wata da robobin lemo da tsummokara, su tara shi a bakin titi. Aikin masu yashewa ya ƙare, saura na masu mota. In motar ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu, an ci riba. In ta yi mako ba ta zo ba, ruwan farko zai mayar da tarin inda aka ciro shi, ya zama ana tufka ana warwara. Babu wata fasaha mai tsada da ake buƙata a nan, illa masu shebur da masu tifa su yi aiki da jadawali ɗaya.

Sai kuma tsaftar ƙarshen wata, wadda ta samo asali daga shirin yaƙi da rashin ɗa'a na mulkin soja a tsakiyar shekarun 1980. A ranar Asabar ɗin ƙarshen wata ana taƙaita zirga-zirga da safe, kotun tafi-da-gidanka tana cin tarar masu saɓawa. Tsarin yana tattaro jami'an duba-gari da 'yan sanda da masu kwashe shara wuri ɗaya, amma na 'yan sa'o'i ne a wata, alhali shara kullum ake yin ta.

Kududdufai da izinin gini

Tsohon birnin Kano da ƙasa aka gina shi, kuma duk inda aka haƙi ƙasar gini an bar rami. Waɗannan ramuka su ne kududdufai. Shekaru aru-aru suna karɓar ruwan damina, su riƙe shi, su sake shi a hankali zuwa cikin ƙasa, ta haka suna rage ambaliya suna kuma ciyar da rijiyoyin da ke kewaye. Ba su rasa illa ba: suna tara sauro, yara kan nutse a ciki, kuma da gari ya cika sai suka zama matattarar ƙazanta. Wannan ne hujjar da aka riƙa kafawa wajen cike su. An cike da yawa, ciki har da na gefen ganuwa a kan titin zuwa tsohuwar Jami'ar Bayero, aka yanka filaye aka yi gine-gine.

Yadda ake cike su shi ne abin dubawa. Sau da yawa da shara ake fara cike kududdufi, domin masu kwashewa suna neman wurin zubarwa kusa, mai neman fili kuma yana neman abin cike rami a arha. Kowannensu ya samu biyan buƙata. Amma ramin da aka haƙa har ya kusa taɓa ruwan ƙasa, aka cika shi da shara ba tare da an shimfiɗa wani abin kariya a gindinsa ba, ya zama hanyar da ruwan juji zai bi kai tsaye zuwa rijiyoyi. Ruwan saman da kududdufin yake ɗauka a da kuma dole ya nemi wani masauki, wanda galibi titi ne ko tsakar gidan wani. Manyan wuraren zubar da shara na birnin, irin na Court Road da Mai Malari, a tsofaffin ramuka suka samo asali, kuma unguwanni sun riga sun kewaye su.

Wannan ne ya sa teburin mai ba da izinin gini ya fi kowane tebur tasiri a kan ambaliya, ko da yake ba sunansa ake ambata ba idan ruwa ya ci gari. Tsarin raya birnin na shekara ashirin da masanin tsara birane Trevallion ya shirya ya ƙare tun 1983, birnin kuma ya ci gaba da faɗaɗa ta hanyar filayen awon igiya, inda ake yanka gonaki a sayar ba tare da an bar hanyar ruwa ba. Ambaliyar da ta shiga kasuwar Kantin Kwari a watan Agustan 2022, ta lalata atamfofi da shaddodi na maƙudan kuɗi, an ɗora alhakinta ne kan toshewar magudanai da kuma shagunan da aka gina a kan hanyoyin ruwa. Ko an yashe kwata sau goma, in an ɗora gini a kanta ba za ta ɗauki ruwan Agusta ba.

Ruwan ƙasa: amanar da ba ta da takamaiman mai riƙo

Cikin ayyukan uku, kare ruwan ƙasa ne ya fi rashin gata. Ambaliya ana ganinta, shara ana jin warinta, amma gurɓatar rijiya sai an kai ruwan ɗakin gwaji ko kuma yara sun fara gudawa. Hukumar ruwan sha ta fi mayar da hankali kan ruwan kogi da take tacewa. Matatar Tamburawa ta biyu an gina ta ne don ta ba da lita miliyan 150 a rana, ta Watari kuma miliyan 75, amma abin da ke isa famfo bai kai buƙatar birnin ba. Sai jama'a suka koma ga rijiya da burtsatse da 'yan garuwa, waɗanda su ma daga burtsatse suke cika jarkokinsu.

Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta bai wa mai fili damar ɗibar ruwan ƙasa don amfanin gida ba tare da biyan komai ba, ƙudirin sabuwar dokar ruwa ta ƙasa kuma ya sha faɗuwa a majalisar tarayya saboda saɓani. Ƙa'idar da masana lafiya suka saba bayarwa ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin ramin ya ɗara ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. A cikin lungunan Fagge ko Kurna, inda faɗin gida gaba ɗaya bai kai rabin wannan tazara ba, rijiyar wani tana jingine da shaddar maƙwabcinsa, katanga kawai ta raba su. Birnin ba shi da babban bututun bahaya da ya game unguwanni, don haka kusan kowane gida da raminsa ko sokawe. Masu yasar masai, na hannu da na mota, su ke kwashewa, kuma inda suke juyewa shi ma yana shafar ruwan da ke ƙasa. A annobar kwalara ta 2021, wadda aka yi zargin ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya ta kuma kashe fiye da 3,000, Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Masana'antu sun ƙara nasu nauyin. Kamfanonin jima da ke Sharaɗa da Challawa da Bompai suna amfani da sinadarin kuromiyom, kuma bincike da dama na jami'o'i ya gano ƙarafa masu guba a rafukan da ruwansu ke bi. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa kogin Challawa. A gefen Jakara, wajen Kwakwaci, masu lambu suna ban ruwan latas da alayyafo da wannan ruwa da rani, kayan kuma su dawo kasuwannin birni.

Waɗanda ba su cikin jadawalin ofis

Kafin zuwan leda, sharar Kano dukiya ce. Manoman karkarar da ke kewaye suna shigo da itace a kan jakuna, su koma da toka da kashin dabbobi da sharar gida a mangala don yin taki, tsarin da masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinsa a shekarun 1960. Har yanzu manoma suna karɓar sharar gari, sai dai sai sun tsince leda da kwalba da batir. 'Yan bola jari kuma suna rage ƙarfe da roba masu yawa kafin su kai juji, yara masu baro suna kwashe sharar gidaje a biya su. Duk tsarin da bai sa waɗannan a lissafi ba ya bar rabin ma'aikatansa a waje. A 2021 gwamnatin jiha ta miƙa kwashe shara ga wani kamfani mai zaman kansa, yarjejeniyar ba ta yi nisa ba aikin ya dawo hannun REMASAB.

Darasi daga wasu wurare da aikin Jakara

Singafo ta warware nata rabon a 2001, lokacin da ta haɗa ruwan sha da magudanai da ruwan bahaya a ƙarƙashin hukuma ɗaya mai suna PUB. A Accra ta Ghana kuwa, ambaliya da gobarar gidan mai ta ranar 3 ga Yuni, 2015 sun hallaka mutum kusan 150, kuma toshewar magudanan kogin Odaw da shara na cikin dalilan da aka bayyana.

A Kano, babban gwajin haɗin kai shi ne aikin rufe rafin Jakara da shimfiɗa titin Wuju-Wuju a kansa, wanda aka fara a wa'adin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, ya kuma shafe shekaru bai kammala ba. Rufe rafin yana kawar da wari da haɗarin faɗawa, yana kuma hana zuba shara kai tsaye. Amma magudanar da aka rufe ta fi buɗaɗɗiya wahalar yashewa. Tana buƙatar ragar ƙarfe a bakin kowace kwata da ke shiga cikinta, da ƙofofin da ma'aikata za su riƙa sauka, da motar shara da ke zuwa unguwannin gefenta a kan kari, da kuma wurin tace ruwan kafin ya isa lambunan Kwakwaci da madatsar Wasai.