Diyyar Muhalli: Mece Ce Ita, Kuma Wa Ke Duba Ko An Biya?

Duk wanda ya taɓa buɗe rahoton tantance illar da aikin babbar hanya zai yi wa muhalli, da wuya bai ci karo da jimla irin wannan ba: za a cike hekta kaza ta dausayi, za a kuma farfaɗo da hekta kaza a wani wuri a madadinta. Wannan musayar ita ake kira diyyar muhalli. Diyya dai kalma ce da kowa ya sani, wato abin da ake bayarwa domin a rufe ɓarnar da aka yi. Sai dai a nan wanda aka yi wa ɓarnar ba ya karɓar kuɗi. Fadama ce, ko kurmi, ko tsuntsun da aka sare bishiyar da yake ƙyanƙyasa a kogonta. Saboda haka biyan ma da irinsa ake yi, dausayi da dausayi, daji da daji.

Kada a gwama ta da diyyar da ake biyan masu gonaki da gidaje idan hanya ta bi ta kansu. Waccan haƙƙin mutane ce, da dokarta daban. Wadda muke magana a kai ta shafi ƙasa da ruwa da halittun da ke rayuwa a cikinsu.

Diyya ba ita ce matakin farko ba, kuma wannan shi ne abin da aka fi mantawa. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ta ce a fara da kaucewa: in ana iya karkatar da hanyar ta bar dausayin, a karkatar. In babu hali, a rage ɓarnar, a ƙuntata faɗin aikin, a yi gada a maimakon cike ƙasa, a dakata da sara lokacin da tsuntsaye ke kwanci. Bayan nan a gyara wuraren da aka taɓa na ɗan lokaci, irin su kududdufan da aka haƙi ƙasa da sansanin ma'aikata. Abin da ya saura bayan duk wannan, wanda kwalta ta haɗiye har abada, shi kaɗai ake biya wa diyya. Idan mai aiki ya tsallake matakan nan uku ya dira kan na ƙarshe, to ya mayar da diyya lasisin ɓarna, kuma wannan shi ne abin da na fi jin tsoro a harkar baki ɗaya.

Tunanin ya daɗe. Jamus ta saka shi cikin dokarta ta kare halittu tun 1976. A Amurka, sashe na 404 na dokar tsabtar ruwa ta 1972 ya wajabta neman izini kafin a cike dausayi, kuma rundunar injiniyoyin soja ce ke ba da izinin. A 1989 gwamnatin Shugaba George H. W. Bush ta rungumi manufar cewa in an haɗa lissafi kada a ga asarar dausayi, ma'ana abin da aka maido ya kai abin da aka lalata. Ingila ta ƙara taku ɗaya: daga 2024, sababbin gine-gine da dama dole su bar halittun wuri da ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan yadda suka tarar, kuma a riƙa kula da wurin har shekara 30. Hukumar IFC, reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni rance, ita ma ta saka wannan tsari cikin sharuɗɗanta na 2012, abin da ya sa kalmar ke biyo manyan ayyukan hanya zuwa ƙasashe da dama.

To amma fa rubutawa daban, biya daban. Ranar da aka dasa itatuwa aka ɗauki hoto aka kafa allo, ba a biya komai ba tukuna, alkawari aka yi. Ana cewa an biya ne a ranar da wurin ya fara yin aikin da tsohon yake yi: yana riƙe ruwan sama, yana tace shi, kifi na hayayyafa, tsuntsun da aka kora ya dawo ya yi sheƙa. Tsakanin alkawarin da biyan akwai shekaru, kuma abin da ke cike wannan tazarar shi ne sa ido, wato bibiyar wurin da awo, shekara bayan shekara.

Sa ido na gaskiya tun kafin katafila ta shigo yake farawa. Ana auna wurin da za a lalata domin a san me aka rasa, sannan a zaɓi wani wuri mai lafiya kusa da shi a riƙe shi a matsayin abin kwatance. Sai a rubuta ma'aunin nasara a fili, da alƙaluma: kashi nawa na ƙasa tsiron asali zai rufe nan da shekara uku, kwana nawa ruwa zai kwanta a shekara, kashi nawa na baƙin ciyayi masu mamaya za a iya jurewa. Aikin kansa ba shi da wani ado. Za ka ga ma'aikaciya ta durƙusa cikin taɓo da wani ƙaramin firam mai kusurwa huɗu, mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, tana ƙirga kowane tsiro da ya faɗo ciki, tana ɗora ma'auni jikin kara tana rubuta tsayinsa. Can gefe an kafa bututu cikin ƙasa, sai ta zura igiyar awo ta ga inda ruwan ƙasa ya tsaya. Akwai wata turka da aka kafa, daga kanta ake ɗaukar hoto duk shekara, fuska ɗaya, wata ɗaya, domin a jera hotunan a ga canji. Yanzu an samu ƙarin kayan aiki, kamar kyamarar da ke ɗauka da kanta idan dabba ta gifta, jirgi maras matuƙi, hotunan tauraron ɗan'adam, da gwajin ruwa da ke gano ɓurɓushin ƙwayoyin gado na halittar da ta zauna a tafki ko da ba a gan ta da ido ba. Duk da haka babu wanda ya maye gurbin mutumin da zai koma wurin da ƙafarsa.

Labarin da ya fi nuna mini amfanin wannan wahala ya faru a gaɓar tekun San Diyego da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, a dausayin da ake kira Sweetwater. Aikin faɗaɗa babbar hanya da gina magudanar ruwa ya ci wani yanki na dausayin gishiri, sai aka sharɗanta a ƙirƙiri sabo domin wasu halittu uku da ke gab da ƙarewa. Ɗaya daga cikinsu wani tsuntsu ne mai yawo cikin ciyawar bakin ruwa, wanda ke saƙa sheƙarsa a jikin dogayen karare ta yadda idan teku ta cika sheƙar za ta ɗaga ba ta nutse ba. Daga shekarun 1980 aka haƙa wurin, aka dasa ciyawar, ta kama, ta yi kore shar. Duk wanda ya wuce a mota zai ce aiki ya yi kyau. Amma wata masaniya mai suna Joy Zedler da ɗalibanta sun yi shekaru suna auna tsayin kararen, sai suka ga ciyawar ba ta kai tsayin da tsuntsun ke buƙata ba, wato sama da santimita 60. Da suka bi diddigi, sai ga dalili a ƙarƙashin ƙafarsu: ƙasar da aka yi sabon dausayin da ita yashi ya yi mata yawa, ba ta riƙe sinadarin naitirojin kamar laka mai laushi ta tsohon dausayi. Aka zuba taki, ciyawa ta miƙe. Aka daina, ta koma gajera. A 1999 suka wallafa cewa wurin ba ya kan turbar da aka zata, kuma ƙasarsa za ta ɗauki gomman shekaru kafin ta kamo ta asali. Tsuntsun bai yi sheƙa a can yadda aka so ba. Abin lura shi ne wasu sharuɗɗan sun cika, domin kifi ya dawo. Da a ce ƙirga hekta kawai aka yi, ko aka tsaya ga kallon kore, da an rufe fayil da sunan nasara.

Irin wannan ya sake faruwa a Ostareliya, lokacin da aka mayar da wani sashe na babbar hanyar Hume tagwaye a jihar New South Wales. An sare tsofaffin bishiyoyi masu kogo, aka rataye akwatunan katako kusan 600 a madadinsu domin wani nau'in aku, da wani ƙaramin tsuntsu mai hawan kututture, da wata dabba mai kama da kurege da ke shawagi daga bishiya zuwa bishiya. Wani masani mai suna David Lindenmayer da abokan aikinsa sun bibiyi fiye da 300 daga cikin akwatunan daga 2010 zuwa 2013, suka fitar da sakamako a 2017. Akun bai shiga ba. Sauran biyun kuwa shigarsu kaɗan ce ƙwarai. Waɗanda suka fi morewa su ne dabbobin da dama ba su cikin haɗari, har da ɓeraye da ƙudan zuma da suka fantsama daji. Cikin shekara huɗu wasu akwatunan sun riga sun lalace, alhali kogo a jikin bishiyar turare yakan ɗauki shekara ɗari ko fiye kafin ya samu. Wannan ya tsaya mini a rai. Akwatin da zai ruɓe cikin 'yan shekaru aka ba tsuntsu ya jira da shi har ƙarni guda.

Ba misalai biyu ne kawai ba. Wani nazari da aka wallafa a 2012, wanda ya tattara bayanan dausayi 621 da aka farfaɗo a sassan duniya, ya gano cewa a matsakaici suna ƙasa da na asali da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, a yawan halittu da kuma a aikin ƙasa, har ma waɗanda suka daɗe sosai. Shi ya sa hukumomi kan nemi a maido da fiye da abin da aka lalata, hekta biyu ko uku ko sama a madadin ɗaya. Ninkin yana rage haɗari, amma ba ya sa bishiya ta tsufa da wuri.

Sa ido yana kuma kare aiki mai kyau daga hukuncin gaggawa. A gandun dajin Banff na Kanada an gina gadoji 6 da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa 38 domin namun daji su tsallaka babbar hanyar da ta ratsa ƙasar, aka kuma yi shinge. Wannan rage ɓarna ne, ba diyya ba, amma darasin ɗaya ne. A 1996 aka fara bibiyarsu. Karon mota da dabbobi ya ragu da sama da kashi 80 cikin 100, sai dai manyan dabbobi masu tsoro irin su beyar, wata ƙatuwar dabba mai yawan gashi, sun ɗauki shekaru kafin su saba da bi ta kai. Wanda ya auna a shekarar farko ya tafi, da ya ce an yi asarar kuɗi.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai auna, wa zai karanta, kuma me za a yi in awon ya nuna matsala. Idan wanda ya lalata shi ne ke ɗaukar mai awo ya biya shi, sannan rahoton ya tafi ofishin da ba shi da ma'aikatan da za su fita su duba, to takarda ce kawai ke tafiya. A 2001 majalisar bincike ta ƙasar Amurka ta duba yadda ake biyan diyyar dausayi, ta ce manufar hana asara ba ta cika ba ta fuskar aikin da dausayin ke yi, kuma ta nuna raunin bibiya a cikin dalilan. A ganina rahoton sa ido bai kamata ya zama sirri ba. Hanya ta jama'a ce, ɓarnar ta shafi jama'a, don haka duk mai so ya iya ganin alƙaluman. Haka nan awo ba shi da amfani in ba a ɗaure shi da mataki ba: in ruwa bai kwanta ba a gyara magudana, in dashe ya mutu a sake, in wurin ya ƙi gaba ɗaya a nemi wani.

Akwai wasu tambayoyi biyu da awon tsiro ba zai amsa ba. Ta farko, shin wurin da aka bayar diyya dama can yana cikin haɗari, ko kuwa daji ne da ba wanda ke shirin taɓawa aka zagaye shi da alƙalami? In na biyun ne, ba a ƙara komai ba, an dai rasa na farko. Ta biyu, me zai hana a gina wani abu a kan wurin diyyar bayan shekara goma? Sannan akwai abubuwan da ba su da madadi ko kaɗan, kamar tsohon kurmi na ɗaruruwan shekaru ko wurin da wata halitta ba ta da wani sai shi. Irin waɗannan kaucewa ce kawai maganinsu.

Dokar da Amurka ta fitar a 2008 ta yi ƙoƙarin toshe wasu daga cikin waɗannan kafofi. Ta ce sa ido kada ya gaza shekara biyar, ya ma wuce haka ga wuraren da ke jinkirin girma irin dausayi mai bishiyoyi. Ta nemi a kare filin a shari'ance na dogon lokaci, a kuma ajiye kuɗin jingina da za a yi gyara da su idan aiki ya gaza. Ta fifita abin da ake kira bankin diyya, inda wani ke farfaɗo da babban fili tun da wuri, sannan masu gina hanya su sayi kaso daga ciki. Mai bankin ba ya samun izinin sayar da kason duka a lokaci guda. Ana sakar masa shi kashi-kashi, kuma kaso mai tsoka yana nan riƙe har sai awo ya nuna wurin ya cika ma'aunin da aka rubuta.