Yadda Ireland ta Arewa ta karɓi ragamar 'yan sanda da shari'a

Me ya faru a 2010?

Ranar 12 ga Afrilu 2010 gwamnatin Birtaniya ta sakar wa majalisar dokokin yankinta na Ireland ta Arewa, wato Stormont da ke Belfast, harkar 'yan sanda, kotuna da gidajen yari. Wata doka da majalisar Landan ta yi a 2009 ce ta share fage. Ranar 9 ga Maris 2010 'yan majalisar yankin suka kaɗa ƙuri'a, 88 suka yarda, 17 suka ƙi.

Da can a hannun wa ikon yake?

A hannun Stormont, har zuwa 1972. A watan Janairun shekarar sojojin Birtaniya suka harbe masu zanga-zanga 13 a Derry. Firaminista Edward Heath ya ce a miƙa wa Landan harkar tsaro, shugaban gwamnatin yankin Brian Faulkner ya ce a kai kasuwa, ya yi murabus. Daga nan Landan ta riƙe mulki kai tsaye.

An yi sulhu tun 1998, me ya jawo jinkirin shekara 12?

Rashin yarda ne tsakanin ɓangarori biyun da suka daɗe suna rikici: masu son yankin ya ci gaba da zama a Birtaniya, akasari 'yan Furotesta, da masu son ya haɗe da Ireland, akasari Katolika. Tsohuwar rundunar 'yan sandan yankin, RUC, kusan ta 'yan Furotesta ce zalla, Katolika ba su wuce kashi 8 cikin 100 ba, kuma a unguwanninsu kallon abokan gaba ake yi wa 'yan sanda. Rahoton kwamitin gyaran aikin 'yan sanda da Chris Patten ya jagoranta a 1999 ya sa aka sake mata suna zuwa PSNI a 2001, aka canza har bajon da ke jikin hula, aka riƙa ɗaukar kurata rabi Katolika rabi sauran jama'a. Duk da haka jam'iyyar Sinn Féin, ta masu son haɗewa da Ireland, ba ta goyi bayan rundunar ba sai a Janairun 2007. Ita kuwa DUP, jam'iyyar masu son zama a Birtaniya, abin da ke hana ta barci shi ne a wayi gari tsohon ɗan IRA, ƙungiyar da ta ɗauki makami don yaƙar mulkin Birtaniya, shi ne ministan da ke kula da 'yan sanda.

To wa aka ba kujerar?

Nan fa gizo ke saƙar. Sai da Firaministan Birtaniya Gordon Brown da takwaransa na Ireland Brian Cowen suka je fadar Hillsborough da kansu, aka shafe kwanaki ana kai ruwa rana, kafin a cimma yarjejeniya ranar 5 ga Fabrairu 2010. Sauran ma'aikatu ana raba su ne gwargwadon kujerun kowace jam'iyya. Ta shari'a kuwa, sai wanda ya samu rinjaye a ɓangarorin biyu. David Ford na jam'iyyar Alliance, wadda ba ta jingina da kowane ɓangare ba, shi ya fara hawa. A ganina dabara ce ta raba gardama, tunda manyan jam'iyyun biyu sun gwammace su rasa kujerar da su ga abokin hamayya a kanta.

Akwai abin da Landan ta riƙe?

Akwai. Tsaron ƙasa bai bar hannunta ba, kuma tun 2007 hukumar leƙen asirin cikin gida ta Birtaniya, MI5, ce ke jagorantar tattara bayanan sirri a kansa. Ministan ma ba ya ce wa ɗan sanda kamo wane. Shugaban rundunar ne ke tafiyar da aikin yau da kullum, yana ba da bahasi ga wata hukumar sa ido mai mambobi 19.